Hutun Jaki da Kaya a Ka

Hausawa suna cewa, dare mahutar bawa. Waɗanda suka fara yin wannan magana sun san bauta da idanunsu. Sun ga mutumin da tun fitowar rana har faɗuwarta jikinsa na ubangidansa ne, sai duhu ya rufe sa'an nan ya sami damar miƙe ƙafa, ya yi hira da 'yan'uwansa. A nan Garwa ko wanda bai taɓa bauta ba ya san gaskiyar maganar. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, da tsakar rana ba ka ganin kowa a titi sai wanda fita ta zame masa dole. Amma da zarar rana ta faɗi, sai gari ya farka. Masu shayi su hura wuta, mata masu gasa kifi a Yelwa su jera kayansu, 'yan babur su cika hanya, samari kuwa su nufi inda aka kunna talabijin.

Matasan ikilisiya sukan yi tambaya a kan wannan sau da yawa. Wani ya ce, "Malam, zunubi ne mai bi ya zauna a gidan kallon ƙwallo?" Wani ya ce, "In na fita da abokaina daren Asabar, na saɓa wa Allah?" Amsoshin da suke ji daga manya iri biyu ne. Akwai dattawan da ke cewa duk wannan kayan duniya ne, mai bi ya guje shi. Akwai kuma masu cewa ai mutum ya yi aikinsa, kuɗinsa ne, lokacinsa ne, ba ruwan kowa. A ganina duka biyun sun bar ainihin maganar a baya. Kafin mu zo gare ta, bari mu tuna yadda abin ya shigo mana.

Talabijin bai daɗe a ƙasarmu ba. A 1985 aka fara nuna hoto a Kamaru, shekarar da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Garwa cikin watan Agusta. A ƙarshen 1987 aka haɗa gidan rediyo da na talabijin suka zama CRTV. Mu da muke yara a lokacin mun san cewa akwati ɗaya yakan ishi unguwa guda. Mai gida ya fito da shi tsakar gida, ya ɗora bisa tebur, yara su zauna a ƙasa, manya a kan benci, wanda bai sami wuri ba ya leƙa ta kan katanga. Haka aka kalli wasan ranar 8 ga Yuni 1990, da Kamaru ta ci Ajantina ta Maradona ɗaya da nema a Milan, alhali an kori 'yan wasanmu biyu daga fili. Haka aka ga Roger Milla, yana da shekara 38, ya zura ƙwallo huɗu a gasar, har muka kai zagayen ƙasashe takwas, inda Ingila ta fitar da mu da ci 3 da 2. Ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa kai wannan matsayi kafin mu. Ban ji wani dattijon ikilisiya da ya ce murnar wannan wata zunubi ce ba. Da yawansu ma su ne a bencin gaba.

Daga baya farantan tauraron ɗan Adam suka hau rufin gidaje, Canal+ ta shigo, bayanta kuma wayar hannu. Yanzu yaron da bai taɓa wuce Ngaundare ba yana kallon wasannin da kakansa bai taɓa jin sunansu ba. Ga rugbi, inda ƙarti ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai suna gudu da ita. Ga ƙwallon Amurka, wadda ake kira ta ƙafa amma da hannu aka fi yin ta. Ga tseren motoci, ga ƙwallon kwando, ga kokawar Amurka wadda tun kafin a fara an riga an shirya wanda zai yi nasara, ga kuma damben da ake yi cikin keji. Mutum ya zauna awa biyu yana kallo bai san dokar wasan ba, yana tambayar na kusa da shi, shi ma bai sani ba, su yi ta gardama suna dariya.

Wannan ban ga laifinsa ba. Son ganin abin da mutanen wata ƙasa ke yi hali ne mai kyau, gama wanda bai san kowa ba sai ƙauyensu yakan ɗauka duniya ta ƙare a bakin gonarsu. Littafi Mai Tsarki kuma bai ƙi hutu ba. A farkon littafin Farawa Allah kansa ya huta a rana ta bakwai, ya kuma sa mata albarka. A Markus sura 6, sa'ad da manzanni suka dawo daga aiki, jama'a na ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci, Yesu ne ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Alamarsa ta fari a Kana, a gidan biki ya yi ta. Manzo Bulus kuwa, da yake rubuta wa Korintiyawa, ya ɗauki misali daga masu tsere da 'yan dambe, domin kusa da birninsu ake yin babbar gasa kowace shekara biyu, wanda ya ci a ɗora masa rawanin ganye. Da Bulus bai san yadda wasannin suke ba, da bai yi wa'azi da su ba.

Akwai wani tsohon labari da malaman ikilisiya na dā suke bayarwa game da manzo Yohanna. An ce wani maharbi ya tarar da shi a tsufansa yana wasa da tsuntsu, ya yi mamaki yadda babban mutum irinsa zai ɓata lokaci haka. Yohanna ya tambaye shi dalilin da ya sa bai bar bakansa a ɗane kullum ba. Maharbin ya ce in ya bar shi haka ƙarfinsa zai mutu, ranar da nama ya fito kibiya ba za ta yi nisa ba. Yohanna ya nuna masa cewa zuciyar mutum ma haka take. Duk wanda ya taɓa riƙe baka ya san gaskiyar wannan.

Sai dai masu hani su ma suna da magabata, kuma 'yan Afirka ne. Wajen shekara ta 200, Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, ya rubuta littafi guda yana hana masu bi zuwa wuraren wasanni. Augustin mai tsarki, bishop na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya ba da labarin abokinsa Alipiyus. Wannan saurayi ya tsani wasan da ake sa mutane su kashe juna a gaban jama'a a Roma. Wata rana abokansa suka ja shi da ƙarfi, ya ce to, jikinsa za su kai, amma zai rufe idanunsa. Ya rufe ɗin. Sai taron ya ɗauki ihu, ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru, ya ga jini, daga nan shi ma ya shiga ihu, har ya zama shi ke jan waɗansu zuwa wurin. Gaskiya ne ƙwallon ƙafa ba kisan kai ba ce, bai kamata a gama su ba. Amma abin da Augustin ya lura da shi yana nan har yau: taro yana da iko bisa zuciya, abin da ido ya saba gani kuma yakan sāke mai idon. Saboda haka damben keji yana damuna. Dukanmu mun yi alfahari da Francis Ngannou, wanda ya haƙi yashi yana yaro a Batié, ya ratsa hamada har ya kai Faransa, ya zama zakaran duniya a 2021. Duk da haka ba zan zaunar da yaro ɗan shekara bakwai ya kalli ana dukan kan mutumin da ya riga ya faɗi ƙasa ba.

To, yanzu mu zo ga ainihin maganar. Dokar ranar hutu sau biyu aka rubuta ta cikin Dokoki Goma. A Fitowa sura 20 an kafa ta bisa hutun Allah bayan halitta. A Maimaitawar Shari'a sura 5 kuwa dalilin da aka bayar dabam ne: Isra'ilawa su tuna cewa su bayi ne a Masar, Allah ya fisshe su. Dokar ba ta tsaya ga mai gida ba. Ta lissafta ɗansa da 'yarsa, bawansa da baiwarsa, sansa da jakinsa, har da baƙon da ke zaune a garin, ta kuma faɗi dalili a fili, wato domin bawa da baiwa su huta kamar yadda ubangidansu ya huta. Mai arziki a kowane zamani yana hutawa ran da ya ga dama, ba ya bukatar doka. An ba da dokar ne saboda waɗanda ba su da bakin cewa sun gaji.

Mai karatu zai lura ba a ambaci matar gida cikin jerin ba. Masana sun bayyana cewa tana cikin wanda ake yi wa maganar, ita da mijinta ɗaya ne a gaban dokar. Amma in ka dubi gidajenmu ranar Lahadi, sai ka ce maza sun karanta wurin sun ɗauka an cire ta ne.

Hausawa suna da sunan irin wannan hutu. Suna cewa hutun jaki da kaya a ka. Mai jaki ya iso gindin itace, ya ce bari mu huta, ya zauna a inuwa ya sha ruwa, jakin kuwa yana tsaye da buhunan a bayansa. In ka tambayi mai jakin zai rantse maka cewa sun huta. Don haka tambayar da ta kamaci mai bi ya yi wa kansa ita ce: sa'ad da nake hutawa, wa ke tsaye da kaya?

Mu ɗauki Lahadi ɗaya a gidan talaka a Jambutu ko Pumpumre. Mace ta tashi kafin gari ya waye, ta ɗebo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta ɗumama tuwon jiya. Aka tafi sujada. Aka dawo, miji ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, da la'asar ya sa riga ya ce zai je kallon wasan Ingila. Bayan na Ingila akwai na Sifen, wanda sau da yawa sai dare ya yi nisa ake tashi. Ita kuwa ta wanke kwanuka, ta wanke tufafin makaranta na gobe, ta ɗora tukunyar dare, ta raba faɗan yara, ta goya mai ciwo. In tana sayar da ƙosai ko waina, a daren ne za ta jiƙa wake ko shinkafa. Mijin bai yi sata ba, bai yi zina ba, watakila ko giya bai sha ba. In ya zo ya tambaya ko kallon ƙwallo zunubi ne, za a ce masa a'a, kuma amsar daidai ce. Amma a gidan nan mutum ɗaya ne ya kiyaye ranar Ubangiji, kuma a bayan ɗayan ya kiyaye ta.

Wasannin Amurka sun ƙara wani nauyi, saboda bambancin lokaci. Abin da ake bugawa can da maraice, a nan sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare yake farawa, wani ma sai wajen huɗu. Tun da Pascal Siakam ya ɗauki kofin ƙwallon kwando tare da Toronto a 2019, Joel Embiid kuma aka zaɓe shi gwarzon shekara a 2023, samarinmu da yawa sun koyi raba dare. Damben da Ngannou ya ci kambunsa an yi shi daren Asabar 27 ga Maris 2021 a Las Vegas, wato wajen asubahin Lahadin Dabino a nan. Sau ɗaya a shekara, don abin tarihi, ba wanda zai yi magana. Amma in ya zama kowane mako, wani ne ke biya. Ɗalibi ya yi gyangyaɗi a aji, kuɗin makarantar kuwa uwarsa ce ta tara su da tallan gyaɗa. Ɗan babur da bai yi barci ba ya ɗauki mace da goyo da safe. Barcin da aka ƙi yi da dare bashi ne, kuma ba kullum wanda ya ci bashin ne ke biyansa ba.

Sai maganar caca, wadda ita ce ta fi ɓata kallon. A shekarun 1990 kamfanin PMUC ya kafa rumfunansa a garuruwanmu, mutane suka shiga zuba kuɗi a kan dawakin da ke tsere a Vincennes da sauran filayen Faransa. Abin mamaki ne wannan a gari kamar Garwa, inda kowa ya san doki, inda ranar Salla mahayan Lamiɗo ke fitowa da kwalliya su yi sukuwa a gaban jama'a. Nan mutum yana ganin dokin da idonsa, ya san mai shi. Can kuwa lamba kawai ya sani a takarda, bai taɓa ganin dabbar ba, amma sai ka same shi da alƙalami yana lissafi kamar mai shirin jarrabawa. Yau abin ya koma kan ƙwallo, ya kuma shiga cikin waya. Ba sai ka je rumfa kowa ya gan ka ba. Kana kwance a ɗaki kuɗin zai fita.

Lissafin ba shi da wuya. Kamfanin caca yana tsara abin da zai biya ne yadda jimlar abin da ya karɓa za ta fi jimlar abin da ya fitar, in ba haka ba da ya rufe tuntuni. Samari kuma sun fi son haɗa wasanni da yawa a takarda ɗaya don ribar ta yi kauri. A ce ka haɗa wasa 10, a ce kuma kowane ɗaya damar ka ci daidai take da damar ka faɗi. Damar dukansu su fito yadda ka faɗa ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: saura wasa ɗaya na ci. Wannan "saura ɗaya" ita ce ƙugiyar. Mutumin da ke zuba sefa 1,000 ran Asabar da 1,000 ran Lahadi, a shekara ya zuba 104,000. Kowace uwa ta san buhun dawa nawa ke cikin wannan kuɗi.

Ban da asarar kuɗi, caca tana kashe hutun kansa. Ka dubi fuskar mai takarda a aljihu sa'ad da ake wasa. Ba ya ganin gwanintar kowa. In ƙungiyar da yake ƙauna ta ci ƙwallo ta uku alhali shi biyu ya rubuta, sai ransa ya ɓaci. Ya shiga gidan kallo don ya sauke gajiya, ya fito da wadda ta fi ta. A nan shi kansa ne jakin.

Game da fitar dare, ikilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba a kan abin sha. Akwai waɗanda suka hana shi ɗungum, akwai waɗanda suka yarda da kaɗan suka hana maye. Kowa ya bi koyarwar ikilisiyarsa da lamirinsa, ba a wannan takarda za a raba gardamar ba. Zama da abokai da dare, a ci kifi, a yi dariya, a ji kiɗa, abu ne mai daɗi, mutumin da ba shi da abokan hira kuwa abin tausayi ne. Amma ma'aunin nan yana aiki a mashaya kamar yadda yake aiki a gida. Yarinyar da ke kawo kwalabe har ƙarfe biyu na dare, tana jure hannun bugaggu da bakinsu don kada mai wurin ya kore ta, 'yar wani ce, sau da yawa ma daga ƙauyukanmu ta zo. Matar da ke dafa burkutun da muke kira bilbil kwana take a bakin wuta, da ribar take biyan kuɗin makaranta, sa'an nan wani ya sha bashi ya ƙi biya. Akwai kuma barasar leda mai araha, wadda gwamnati ta fitar da dokar hana ta a 2014, aka yi ta ɗaga wa'adi. Arahar tata ce ta kai ta hannun yara da 'yan babur.

Wanda ya san ƙauyukan auduga ya san lokacin da abin ya fi muni. Tun da aka kafa Sodecoton a 1974, iyalai da yawa a arewa kuɗinsu mai kauri sau ɗaya yake zuwa a shekara, da rani, bayan an auna auduga an cire bashin taki da magani. Matar gida da yara sun yi shuka, sun yi noma, sun tsinci audugar da hannunsu a rana. Amma a hannun mai gida kuɗin ke sauka. In ya ce bari ya shiga gari ya ɗan huta kwana biyu, a cikin kwana biyun nan ne ake yanke ko yarinya za ta koma makaranta, ko rumbu zai kai watan Agusta. Ba dukan maza ke yin haka ba, da yawa suna riƙe amana. Amma duk mai aikin ikilisiya a karkara ya ga matan da ke zuwa da kuka a wannan lokaci, kuma ba su zuwa neman a hana mazansu hutawa. Rabonsu suke nema.

Kada kuma mu manta muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi, suna ganin yadda muke yin Lahadinmu kamar yadda muke ganin Jumma'arsu. Abin kunya ne a ce an fi sanin unguwar Kirista da yawan mashaya. Amma a nan dole a yaba wa ƙwallo. Wurare kaɗan ne a garin nan inda Bafulatani da Bahaushe da Tupuri da Mundang da mutumin kudu ke zama a benci ɗaya, su yi murna tare, su yi baƙin ciki tare, ba mai tambayar addinin wani. Mun ga wannan a fili a Janairun 2022, da aka kawo gasar kofin Afirka filin Rumde Ajiya. Ranar 11 ga wata Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, baƙi daga ƙetaren iyaka suka cika gari, aka yi ta jin Hausa da Fulatanci a kowane gefe na filin. Ranar 23 Tunisiya ta fitar da su, mutanen Garwa da yawa suka ji zafin abin kamar tasu ce ta faɗi. Mai son zaman lafiya ba zai rena irin wannan ba.

Abin da ke ba ni takaici kaɗan shi ne, yaro zai lissafta maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma bai san mutum uku a Coton Sport ba. Ƙungiyar garinmu ce, an kafa ta a 1986, ta ɗauki kofin ƙasa fiye da sau 15, a 2008 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka inda Al Ahly ta Masar ta rinjaye ta. A cikinta Vincent Aboubakar ya taso, shi da ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya kuma ci Brazil a 2022. Wannan ba maganar zunubi ba ce. Sai dai a dā, a dandali, masu kallo da masu wasa mutanen gari ɗaya ne. Da farin wata 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, tsofaffi su buga dara da rana, kaka ta yi tatsuniya da dare. Wanda ya yi kallo yau gobe shi za a kalla, mata da yara kuma suna da nasu rabo. Akwatin talabijin ya tara maza wuri ɗaya, ya bar sauran gida ba dandali.

Akwai wata magana mai nauyi da za a iya yi mini, ba zan kuwa kauce mata ba. Za a ce, Malam, kana maganar hutu kamar kowa yana da aiki. Saurayin da ya gama makaranta da takardu a hannu, shekara uku ba wanda ya ɗauke shi, ina za shi in ba gidan kallo ba? Gaskiya ne. Dokar da ta ba da rana ɗaya ta hutu ta fara da kwana shida na aiki, wanda aka hana shi shidan kuwa, ta bakwai ba ta yi masa daɗi. Zaman da yake yi daga safe har dare ba hutu ba ne, mafaka ce daga idon uwa da tambayar dangi. Cacar ma sau da yawa daga nan take fitowa, domin ita kaɗai ce ƙofar da ta yi masa alkawarin wani abu. Zagin irin wannan yaro daga bagade ba ya gyara komai. Ya fi amfani dattijon da ke da shago ko gona ko injin niƙa ya ɗauke shi ko da na kwana uku a mako, don Lahadi ta zama masa dabam da Talata.

Ikilisiya ita ma ba ta tsira daga tambayar jakin ba. In an yi bikin baftisma, ko godiyar kaka, ko zuwan babban baƙo, su wa ke share majami'a tun ran Asabar, su wa ke kwana a bakin murhu, su wa ke cin abinci a ƙarshe a tsaye? Zumuntar mata ce. Bayan sujada kuma sai a jera taro bisa taro har la'asar, mace ta koma gida ta tarar da aikin da ke jiranta bai ragu ba. Majalisar ikilisiya tana iya duba wannan ba tare da ta kashe ko sisi ba: a rage tarurrukan Lahadi, a sa samari ɗiban ruwa da faskare da wankin tukwane ranar biki.

A gida ma abin ba ya bukatar kuɗi. Na san iyalan da suka shirya cewa ran Asabar da yamma maza da samari ne ke cika randuna, Lahadi kuma girki sau ɗaya ake yi. Na san wanda in zai je kallo yakan tafi da yaran da suka yi wayo, don gida ya yi shiru. Wani ya zaɓi wasa ɗaya a mako, ya faɗa wa matarsa lokacin da zai dawo, yana kuwa dawowa. Wani kuma ya gane cewa matarsa ma tana son kallon. Ai a 2015, da 'yan matan Kamaru suka ci Ekwado 6 da nema a gasar duniya a Kanada, Gaëlle Enganamouit ta zura uku ita kaɗai, a 2016 kuma filin Yawunde ya cika maƙil don wasan ƙarshe na mata tsakaninmu da Najeriya.

Amma kada miji ya yanke wa matarsa irin hutun da za ta yi. Ya tambaye ta. A ajin shirin aure da taron iyalai nakan yi wa mata wannan tambaya a gaban mazansu: in an ba ki yammacin Lahadi ya zama naki, me za ki yi da shi? Da fari sukan yi dariya, su dubi juna, kamar an tambaye su me za su yi in an ba su jirgin sama. In an matsa, wata ta ce za ta je gaida 'yar'uwarta a Pitowa, wata ta ce koyon waƙa, wata ta ce kitso ba gaggawa. Mafi yawansu kuwa abin da suke fara ambata shi ne barcin rana na awa biyu, ba goyo a baya, ba tukunya a wuta.